Gwangwanin Hanyar Dama

Duk direban da taya ta taɓa yi wa tsiya a Birnin Konni ya san rumfar Alkasum mai faci. Kafaran, wato kofur, ake ce masa, ko da yake rabonsa da kaki shekara biyar ke nan. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, idanunsa kullum kamar na wanda aka tasa bai gama barci ba. In ka kawo masa taya ba ya hira. Ya ɓalle ta, ya tsoma tif a ruwa, ya nemo inda ke kumfa, ya liƙe, ya miƙo maka. Ka ce masa sannu da aiki, ya ce yauwa, magana ta ƙare.

Haifaffen Tsarnawa ne. Ubansa manomin gero da wake ne, amma shi tun yana saurayi ya ga hauya ba ta yi masa ba, ya bi motocin albasa. Ya sha zagi, ya sha kwana ƙarƙashin mota, har ya iya tuƙi. Daga nan ya shiga soja a matsayin shofer, ya yi shekara ashirin yana jan mota cikin rairayi da duwatsu ba a taɓa cewa ya kifar da kowa ba. Yau kuwa ko kabu-kabu ba ya tuƙawa. Matarsa Maryam ta yi magana har ta gaji, ta sa masa ido.

Abin da ya raba shi da sitiyari ba wani dogon labari ba ne. Shekara shida da suka wuce, can gabas, suna tafe mota uku, shi ke jan ta gaba. Suka iso inda hanya ta rabu biyu, ta hagu ta bi bakin korama, ta dama ta zagaya bayan dutse. Litinan ɗinsu, hafsan da ke jagorantarsu, sabo ne, bai san wurin ba, sai ya juyo ya ce, "Shofer, wace za mu bi?" Alkasum ya ce ta hagu, ta fi kusa, kuma ba rairayi. A bakin koramar nan 'yan bindiga ke kwance suna jira. Mutum huɗu suka rasa, cikinsu har da Sadiƙu mutumin Tajaye, wanda ke tsaye a bayan motarsa, abokin cin tuwonsa na shekara tara.

Sadiƙu yana da wani agogon hannu. Ya sha gaya masa cikin raha, "In na riga ka, ka kai wa Inna." To, ya riga shi. Agogon na nan cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, an naɗe shi a tsumma. Daga Konni zuwa Tajaye kuwa ba wata tafiya ba ce, mai sammako ya je ya dawo kafin la'asar. Sau uku Alkasum yana sa agogon a aljihu ya shiga mota. Sau uku ana isa mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa, wadda ke bi ta Tajaye, ke karkata hagu, sai ya ce a tsaya, wai zai gaida yayarsa. Ina zai kai fuskarsa gaban Inna Lauratu, uwar Sadiƙu? In ta ce yaya aka yi, ya ce mata mi? Ya ce shi ya nuna hanyar da bakinsa?

Haka yake ja da ransa har ranar da Mushe Bala ya shigo rumfar neman sholisho, gam ɗin faci.

Mushe Bala tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, gajere, mai tumbi, mai surutun da ba ya jiran amsa. Shekara talatin yana yi wa 'ya'yan mutane ihu, da aka sallame shi ya rasa wanda zai yi wa. Ɗiyarsa da ke karatu a Faransa ta ji tausayinsa, ta aiko masa da wani kwali. A ciki akwai sojojin roba ƙanana, ko ɗan yatsa ba su kai ba, da motoci uku, da 'ya'yan lido masu ɗigo-ɗigo, da littafin dokokin wasa cikin Faransanci. Wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur, mutum biyu, kowa da rundunarsa. Sojojin ma ba a haɗe suke ba. Sai ka yanko hannu da reza, ka yanko bindiga, ka manna, sannan ka shafa fenti. Mushe ya kai kwalin majalisar 'yan dara, ya sha dariya. Wani ya ce Mushe ya koma wasan 'yar tsana da furfura, wani ya ga lido ya ce caca ce, a'uzubillahi. Ga shi kuma gam ɗin cikin kwalin ya bushe tun a hanya.

Alkasum ya miƙa masa sholisho don ya rabu da shi. Ina! Mushe ya samu benci ya zauna, ya baje kayansa, ya jera motocin nan uku hanci da gindi, ya tara sojojin wuri guda. Alkasum ya duba sau ɗaya ya kau da kai. Ya sake dubawa. Abin ya ci masa rai.

"Mushe, wanga ba jerin yaƙi ba na, rakiyar amarya ta. Harbi guda ya kwashe su duka."

"To, Kafaran, gyara mini mana. Ni alli na sani."

Wannan gyaran shi ya jawo masa. Kafin mako biyu an ɗora tsohon ƙyaure a kan tayoyi huɗu bayan rumfa, an zuba rairayi, an kafa tsinken ƙaya a matsayin itatuwa. Mushe ke karanta doka yana fassarawa, da yatsa sama kamar yana gaban aji. Littafin ya ce a auna tafiya da santimita, Alkasum ya ce shi bai san wannan ba, mai ƙafa ya yi yatsa huɗu, mota ta yi taƙi guda. Harbi kuwa sai an jefa lido: biyar ko shida an samu, ƙasa da haka an kuskure. Fenti suka roƙo wurin mai fentin mota. Mushe hannunsa na rawa, sojan farko da ya shafa ya fito kamar an tsamo shi daga miya, don haka Alkasum ya karɓe aikin. Da gashin kaza ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Nasa ya yi musu launin ƙasa, na Mushe guda goma sha biyu ya yi musu ja.

Kullum bayan la'asar, in aiki ya lafa, sai su zauna. Ba za a ce Alkasum ya koma mai fara'a ba, a'a. Amma Maryam ta lura ya fara cinye tuwonsa.

Wata rana Mushe ya iso babin kwanton ɓauna. Dokar ta ce mai kwanto ya ɓoye mutanensa, abokin wasa bai san inda suke ba sai ya zo kusa. Suka samo gwangwanayen tumatir guda shida don rufewa. Alkasum ya dubi rairayin. Can sai ya sa yatsa ya ja korama, ya ɗora dutse, ya fitar da hanya biyu, ɗaya ta bakin korama, ɗaya ta bayan dutse. Ya ɗauki soja guda ya ɗaura masa baƙin zare a wuya, ya tsayar da shi a bayan motar gaba. Yana yi yana magana, murya ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba. Ranar ce ya ba wani mahaluƙi labarin nan daga farko har ƙarshe, har da agogon. 

"Ga sharaɗi," in ji Alkasum. "Gwangwani uku hagu, uku dama. Ka ɓoye mutanenka hanya guda, ɗayar ka bar ta wayam. Ni in juya baya. So nike in hidda yaron ga ko sau guda."

Ya juya baya, Mushe ya rufe. Ya juyo ya bi dama. Motar gaba na isa gwangwani na biyu Mushe ya ɗaga, ga jajaye shida. Aka jefa lido, mai baƙin zare ya faɗi. Washegari ya bi hagu, ga su. Rana ta uku ya sake bin dama, ga su. Ya ce ko Mushe na karantar fuskarsa ne, sai ya bar wa lido zaɓin hanya. Duk ɗaya. Wani lokaci mai zaren ya faɗi a jifan farko, wani lokaci motar ta ƙone da shi, amma ko sau ɗaya bai sami hanya wayam ba.

Mushe kuwa kowace rana sai ya ce, "Ka gani ko, Kafaran? Abin ba a hannun shofer yake ba." Shi a ganinsa magani yake bayarwa. Wayyo, garin neman gira ya kusa rasa ido! Alkasum ba haka ya ɗauka ba. Shi abin da ya gani, ko a wasan roba hannunsa mutuwa yake nunawa. Tuwo ya koma dawowa da saura. Ya liƙe wa wani mai ɗan sahu taya, ba a yi awa ba ta sace, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya rame, ya ƙara ranƙwafawa, amma la'asar na yi zai share rairayi ya ja koramarsa.

Ran wasa na goma sha ɗaya ya bi dama, Mushe ya ɗaga gwangwani, jajaye shida. Alkasum ya ɗauki lido zai jefa, sai ya tsaya. Shi ya shafa wa jajayen nan fenti da hannunsa, ya san su kamar 'ya'yansa. Akwai wani mai karyayyar bindiga da ya manna sau biyu. Yau bai gan shi ba, jiya kuwa da ya bi hagu ya gan shi. Ya leƙa kwali, babu ko ɗaya a ciki.

"Mushe, ina sauran shida?"

Mushe ya fara gyaran hula. Alkasum ya miƙa hannu hanyar hagu ya ɗaga gwangwanin farko, wayam. Ya ɗaga na biyu. Ga su nan tsaye, har da mai karyayyar bindiga.

Ransa ya ɓaci, ɓacin da rabonsa da shi tun yana cikin kaki. Ya miƙe har benci ya kife. "Kwana goma sha ɗaya! Kwana goma sha ɗaya kana kallona ina kashe yaron ga, ashe ka tare hanya duka biyu! Da girmanka, Mushe? Da hurhurarka?"

Mushe bai tashi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Na yi maguɗi, Kafaran, na amsa. Wauta ta, kuma na ga ta cuce ka, ka gahwarce ni. Amma tsaya in tambaye ka, kai da ba ka maguɗi. Waccan rana, can gabas, wa ya ɗaga maka gwangwanin hanyar dama?"

Mushe ya mayar da tabarau, ya ci gaba.

"Ka bi ta? Wani ya bi ta ya dawo ya ba ka labari? Mutanen da sunka san za ku wuce, sunka san hanya biyu ta, kai ka tabbata guda sunka tsare? Ni ban ce akwai kowa can ba, ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Amma shekara shida ka zauna ka share ta tas, ka ce wayam take, ka hau kanka da duka. Ni kwana goma sha ɗaya na yi nawa."

Alkasum ya dubi dutsen da ke kan ƙyauren. Ya nemi ranar a cikin kansa, ya ga koramar, ya ga ƙurar, ya ga dutsen. Bayan dutsen ne bai gani ba, don bai taɓa ganinsa ba. Ya tada bencin ya zauna. Gajiya ta sauko masa gaba ɗaya, irin ta wanda ya sauke buhu bayan doguwar tafiya, sai a lokacin kafaɗa ke fara ciwo. Ya kwance baƙin zaren daga wuyan sojan, ya sa sojan cikin kwali tare da 'yan'uwansa.

Da safe bai buɗe rumfa ba. Maryam ta ga ya jawo akwatin ƙarfe, sai ta ɗauko masa rigarsa ta Juma'a. A mararrabar Tsarnawa direban, wanda ya san halinsa, ya rage gudu ya dube shi ta madubi.

"Kafaran, nan za ka sauka awa kullum?"

"Mu tahi," in ji Alkasum. Motar ta karkata hagu.

Ya sami Inna Lauratu a tsakar gida tana ɓarar wake, tsohuwa ƙanƙanuwa, idanun sun yi fari-fari. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi sunansa. Ta ce ta san sunan, Sadiƙu ba ya waya bai ambace shi ba. Ya warware tsumman ya sa mata agogon a hannu. Ta shafa shi, ta kai kunne, ba ya motsi. Alkasum ya fara maganar da ya yi shekara shida yana shiryawa.

"Inna, ranar nan, ni ke jan motar. Da munka iso inda hanya ta rabu..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. "Bar hanya, ɗana, hanya ta Allah ta. Waɗanda sunka zo gaisuwa duk na tambaye su abu guda, ba wanda ya sani, sunka ce sai wanda ke tare da shi. Yaron ga tun shina ƙarami ba ya son karin kumallo, sai na bi shi da hura har ƙohwar gida." Ta matso da fuskarta kusa da tasa. "Ya ci wani abu da sahen nan?"

Wannan kam Alkasum ya sani. Ya ga tabarmar, ya ga butar shayin, ya ga Sadiƙu na lashe yatsa yana yi masa tsiya.

"Ya ci, Inna," ya ce. "Burodi da sardin. Ya cinye nashi, ya cinye rabin nawa."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwar. Ta rufe agogon cikin tafin hannunta, ta ƙwala wa jikarta kira a kawo wa baƙo ruwa.