Teburin da ya tsallaka hanya

Abin da na fara gani ranar da muka koma lakkwal, wato makaranta, bayan hutun damina shi ne teburin mai shayi ya tsallaka hanya. Da yana gabas, jikin katangar lakkwal. Yanzu yana yamma, ƙarƙashin wata aduwa, an tokare ƙafarsa guda da rabin bulo. Ma'aikatan birni ne suka tashe shi don gina magudanar ruwa.

Babana burodi yake rabawa a kan moto, wato babur. Kullum ni ke zama tsakanin bayansa da buhun, ɗumin burodin yana ratsa rigata. Mai gidan burodin nan na Tawa ya raba wa masu rabonsa wurare a kwantiragi: duk kanti da teburin da ke gabas da kwalta, har hanyar Barmu, na Baba ne. Yamma ta wani ce. Wanda aka kama ya ajiye ko sandar burodi guda a wurin ɗan'uwansa, an karɓe masa layin. Na ji Baba yana faɗa wa Inna haka, ban san zancen zai biyo ni lakkwal ba.

Mai shayin tsoho ne, Kawu nake ce masa. Shekara da shekaru Baba ke kai masa burodi, shi kuma ya yanko mini kan sandar, wurin da ya fi ƙauri, ya shafa mai. Ran nan da ya hango mu sai ya miƙe, ya share faranti da hannun riga. Baba ya rage gudu. Na ji bayansa ya ƙage. Sai ya wuce, ya tsaya a gabas.

Kawu ya ɗaga murya yana dariya: "Malam, taku nawa ne tsakaninmu? Ko burodin naka tsoron kwalta shi kai?"

'Yan ajinmu suka yi dariya. Baba ya ce masa ba shi ya yanka hanyar ba, ya yi haƙuri. Ni dai takalmina nake kallo.

Mai rabon ɓangaren yamma sai hantsi yake isowa, lokacin masu karin kumallo sun watse. Ta tagar aji nake ganin bencin Kawu babu kowa, yana korar ƙuda daga farantin da ba komai. Duk da haka kowace safiya sai ya ɗaga mini hannu, ya ce, "'Yar lakkwal, an tashi lahiya?" Ni kuwa ina saukowa da ƙanshin burodi a jikina, in amsa ciki-ciki, in shige ƙofa da sauri.

Na san idan Baba ya tsaya ya ajiye masa burodi, abincin gidanmu ne zai tafi. Sanin bai hana ni jin kamar ni na hana Kawu burodin ba.

Wata safiya, kafin mu karya kwanar da Kawu zai hango mu, na taɓa kafaɗar Baba.

"Baba, don Allah ka riƙa sauke ni nan. Sai in ƙarasa da ƙafa."