Jar Fitilar Giginyar Nababa

Nababa bai gaji takarda ba. Abin da ubansa ya bar masa gona ce a bayan garin Lafiya, da giginya guda a tsakiyarta. Giginyar ita ce shaidarsa. Duk ranar da rigimar iyaka ta tashi, dattawa kan ce, "Gonar da giginya take ciki ta gidan su Nababa ce," shi ke nan kowa ya ɗauki fartanyarsa ya kama gabansa.

Da ƙuruciya hawan kwakwa yake yi, yana saro wa mata masu manja 'ya'yanta. Ya faɗo ba sau ɗaya ba, shi ya sa yake tafiya a karkace. Da ƙarfi ya fara raguwa sai ya koma noman doya. Ba shi da yawan magana. In ka ce masa za ka yi abu, sai ya ce, "To, in ka yi ka kira ni."

Da aka yanka filin jirgin sama, shingen ya tsaya kafin gonarsa. Ya yi hamdala ya ci gaba da tara kunya. Sai wata safiya ga mutane da hular kwano, sun kafa wata na'ura mai ƙafa uku suna leƙen giginyarsa. Babbansu wani injiniya ne daga kwamitin tsara filayen da ke kewaye da filin, sunansa Muhyiddin.

"Baba, bishiyarka ta shiga hanyar jirgi."

"Ita ta shiga tasa, ko shi ya shigo tata?"

"Tsayinta ya wuce ƙa'ida. Sai a ɗan rage mata kai."

"Giginya in ka rage mata kai mutuwa take yi. Kai ma haka."

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce akwai hanya ɗaya: a ɗora mata jar fitila a ka, irin ta dogon ƙarfen kamfanin waya, don matuƙi ya gan ta. "Amma ranar da muka zo muka tarar fitilar ba ta aiki, Baba, sarewa za a yi."

Nababa ya san in giginya ta faɗi, shaidarsa ta faɗi. Ya yarda.

Suka kawo fitila, da farantin sola, da batir a cikin akwatin ƙarfe. Cikinsu babu mai iya hawa. Nababa ya haɗa tsanin gora, ya ɗaure shi gaba-gaba har ya wuce ƙaton cikin giginyar, ya kafa fitila da faranti a sama. Akwatin batir aka bar shi a gindi. Suna tafa masa yana saukowa, bai kalle su ba.

Jirgi kuwa ba kullum yake zuwa ba, in ma ya zo da rana tsaka yake sauka. Fitila kuma sai rana ta faɗi take kamawa. Terngu, Batibin da ke noma gonar da ke jikin tasa, ya dogara da fartanya ya ce, "Maƙwabci, jirgi yana zuwa da rana, fitila naka yana ci da dare. Yaushe za su haɗu?"

"Ba a ce in haɗa su ba. An ce kada ta mutu."

Terngun ne ya fara gano cewa akwatin batir yana da ramin caji. Unguwar ba wutar lantarki, don haka ya roƙi a bar shi ya soka wayarsa. Nababa ya ce ya soka. Washegari ya zo da wayar matarsa da ta surukinsa. Kafin doya ta yi yaɗo, mutane sun yi layi a gindin giginya, kowa da waya a hannu. Mai jira kuwa yunwa yake ji. Wadda ta fara kawo tallan muruci da dafaffiyar gyaɗa ita ce Sabuwa, matar Nababa.

"Ke ma?" ya ce mata.

"Malam, ciniki ya biyo mu har gona, in kore shi?"

Mai shayi ya kawo tebur. Mai tsire ya kafa tukuba a kan kunya biyu. Masu okada suka sa wa wurin suna Jar Wuta, har daga cikin gari kana iya cewa a kai ka Jar Wuta a kai ka. Inuwar giginya dama na nesa ka sha. Wani ya kafa rumfar ciyawa, wani ya ga ba a hana ba ya kafa ta kwano. Doyar Nababa ta shekarar nan an tattake rabinta.

Ya ɗauki fartanya ya nufi mai tsire ya ce ya tashi daga gonarsa.

"Wace gona, Baba? Nan ai filin gwamnati ne."

"Wa ya gaya maka?"

Mai tsire ya nuna sama da wuƙa. "Ka taɓa ganin gonar talaka da fitilar jirgi?"

Nababa ya koma gida ya zauna. In ya kashe fitila, a sare giginya. In ya bar ta, a cinye gona. Bai yi shawara da kowa ba. Da safe ya ɗaure akwatin batir da igiya, ya hau, ya jawo shi har sama ya ɗaure shi a cikin ganye. Ya sauko ya ce wanda ke son caji ya hau.

Babu wanda ya hau, babu kuma wanda ya tashi. Masu rumfa sun riga sun sayi janareto. Wani yaron kanti ma ya buɗe shagon caji, ya zo har gida yana yi wa Nababa godiya.

Bayan damina kwamitin ya dawo sabunta taswira. Nababa ya tattaro dattawa ya tare Injiniya Muhyiddin a tsakiyar rumfuna. Dattawa suka faɗi abin da suka saba faɗa: gonar da giginya take ciki ta gidan su Nababa ce.

"Na yarda, Baba," in ji injiniya. "Ina gonar?"

Dattawa suka duba gabas suka ga mai gyaran taya. Suka duba yamma suka ga mai aski. Ɗayansu ya ce jiya-jiyan nan tana nan.

"Mu abin da muka tarar a ƙasa shi muke zanawa," in ji injiniya. "Nan kasuwa muka tarar. A tsarinmu ma kasuwa ta fi gona dacewa kusa da filin jirgi, don gona tana jawo tsuntsaye."

"Doya?"

"Gona dai, Baba."

Aka yanke cewa ƙasar ta zama ta kasuwa, za a ba iyalinsa rumfa guda. Giginya kuwa tasa ce, babu mai ja.

"To ku sare ta," in ji Nababa. "Yau zan kashe fitilar."

Injiniya ya riƙe masa hannu. "Don Allah kada ka yi. Yanzu tana cikin taswirar matuƙa, da ita suke gane sun iso. Sare ta sai an rubuto daga Abuja. Fitilar kuma in ta mutu, mai bishiya za a nema."

Sabuwa ta karɓi rumfa. Terngu, wanda rabin tasa gonar ya zama wurin ajiye okada, ya samo musu aron fili wajen garin Adogi, suna noma tare. In sun gaji yakan ce, "Maƙwabci, da ka hana ni caji." Nababa yakan ce, "Yi noma."

Har yanzu yana hawa ya goge farantin sola in ƙura ta rufe shi. Yana hawa a hankali, yana hutawa a daidai cikin giginyar, masu shayi suna cacar baki kan ko zai kai.

Idan 'ya'yan giginya suka nuna, daga can sama suke faɗowa a kan kwanon rumfuna, wani ya lotse, wani ya huje. Sai mai rumfa ya ɗauko ɗan giginyar ya nufi wurin Sabuwa yana huci, ya tarar da Nababa a kan benci.

"Baba, giginyarka ta fasa mini kwano."

"Ta wa?"

"Taka mana."

Nababa yakan sa a maimaita a gaban shaidu. Sannan ya karɓi ɗan giginyar ya miƙa wa Sabuwa, ya ɗauki guduma da ƙusa ya bi mutumin.