Masar da Ban Kai Ba

Ranar wata Laraba, a daminar da na shiga aji huɗu, muna tseren silifas a ruwan kwatar layinmu na Hausawa a Onitsha, na taka tsohon kwanon rufi ya tsarge mini tafin ƙafa. Ƙawayena na ganin jini suka watse. Wadda ta ɗauke ni ita ce matar da na fi kowa tsokana a layin, wata 'yar ƙasar Japan da ke auren wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. Arigato muke ce mata, don ko albasa ta saya sai ta haɗa hannuwa a cinya, ta sunkuya, ta faɗi kalmar, wato na gode a harshensu. Ni ce gwanar kwaikwayonta. Nakan bi bayanta ina sunkuya wa awaki da masu okada, yara na faɗuwa don dariya.

Ta wanke ciwon da ruwan ɗumi, ta ɗaure, ta goya ni har ƙofar gidanmu, jinina duk ya ɓata mata farar riga. Da ƙafar ta fara takuwa Inna ta soya masa, ta zaɓi masu kyau ta jera a kwanonta na sha da ba ya fita sai da dalili. "Yaba kyauta tukwici, Bilki," in ji ta. "Ki kai wa matar nan da ta ɗaure miki ƙafa, ki durƙusa ki ce mun gode." Na fito ina ɗingishi, sai ga ƙawayena su Talatu a bakin famfo. Suka ji inda za ni, suka fara ihu wai na zama 'yar Arigato. Tsoron bakinsu ya fi ƙarfina. Muka zauna bayan shagon tela muka cinye masar tas, kowa ta ɗauki ɗaya sai ta sunkuya wa 'yar'uwarta. Ni na fi kowa sunkuyawa. Na koma na ce wa Inna na kai.

Bayan kwana uku muka yi kiciɓis da ita a Kasuwar Ochanja, ina riƙe wa Inna kwando. Inna ta tare ta da fara'a, ta tambaye ta da guntun Turancin kasuwarta ko masar ta yi daɗi. Na laɓe bayan Inna, don na san bulalarta, na kuma san abin da ya fi bulala. Matar ta dube ni, ba ta daɗe ba, amma na tabbata ta gane komai. Sai ta haɗa hannuwa, ta sunkuya wa Inna sosai, fiye da yadda na taɓa gani, ta ce, "Arigato gozaimasu. E sweet well well," wato ta yi daɗi ƙwarai. Ta tsuguna ta duba ɗaurin ƙafata, ta gyara shi, ta wuce.

Ban sake kwaikwayonta ba, amma ban je na yi mata godiya ba. Kullum sai in ce gobe, kunya na hana ni, har aka wayi gari sun tashi daga layin. Inna ta rasu ba ta sani ba.

Yanzu 'ya'yana suna jin kalmar a finafinan katun na waya, suna maimaitawa suna dariya, ni kuwa sai in tashi in shiga kicin. Tabon yana nan a tafin ƙafata, ina ganinsa duk alwala. Ita ta yi godiyar masar da ba ta ci ba, ni har yau ban ce mata na gode ba.