Sababbin Gwiwoyin Baba Baka

Tun yana saurayi yake aski a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da magani. Madubi ɗaya, kujera mai juyawa ɗaya, sai bencin da masu jira ke cikawa da gardamar ƙwallo. A tsaye ya ci ƙuruciyarsa, a tsaye ya aurar da 'ya'yansa, har gwiwoyin suka gaji, ƙafafun suka lanƙwashe kamar baka. Shi ya sa duk layin ake ce masa Baba Baka. Bai taɓa jin haushi ba. Shi da bakinsa yake cewa akuya za ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa ba ta goge shi ba.

Da ciwon ya kai ba ya iya zagaya kujera, sai dai ya riƙa juyo wanda yake yi wa aski, autarsa ta tasa shi gaba zuwa wurin likitar ƙashi. Likitar, wata 'yar siririya mai tabarau, ta ɗaga hoton ƙafarsa a haske.

"Baba, guringuntsin ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Za mu kankare saman, mu sa maka na ƙarfe da roba."

"Kankarewa?" Ya washe baki. "Ashe ke ma aski kike yi! To 'yata, a yi min tal-kwabo, kada a bar ko geza."

Aka yi ta dama, da ta warke aka yi ta hagu. Ranar da mai koya masa motsa jiki ya fara tanƙwara masa ƙafa, Baba ya ƙwalla wa mahaifiyarsa kira, ita da ta daɗe a ƙasa, ya rantse shi da motsa jiki har abada. Washegari shi ya riga kowa zuwa.

Wata safiya, bayan ya yar da sanda, yana gyara gashin baki a madubin ɗaki, matarsa ta zo wucewa. Ya daskare.

"Uwar yara, tsaya! Matso nan!"

Tun da ƙafafunsa suka lanƙwashe ta ɗan fi shi tsawo, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Wallahi ina hango tsakiyar kanki!"

"Ɗage kake yi, Malam."

"Duba dugadugaina!"

Suka haɗa baya, auta ta ɗora musu tire a ka. Tiren ya karkata wajen uwar, ya sulale ya faɗi ƙwangaram. Ƙafafun da suka miƙe sun ƙara masa tsawo. Baba ya yi dariya har da riƙe bango, ya taka rawa daga bakin gado zuwa ƙofa, ya dawo ya rungume autar. Matarsa ta tsuke baki, dariya na cin ta. Wandunansa duk suka ɗage, ya hana tela ya sake su, wai a bar jama'a su ga shaida.

Ya koma shago yana zagaya kujera ko babu dalili. Wanda ya zo aski sai ya saurari labarin tun daga farko kafin a taɓa masa kai.

Ran nan shi da matarsa suka je wani babban kanti mai ƙofar binciken ƙarfe. Yana shiga ta ɗau ƙara.

"Baba, makulli ko waya?" in ji mai gadi.

Ya zazzage aljihu, ya sake wucewa, ta sake ƙara. Sai ya gane. Ya naɗe wando har cinya, ya nuna tabon ɗinki biyu, idonsa na ƙyalli.

"Ɗana, ƙarfen a ciki yake! Don Allah bari in ƙara wucewa, ƙarar nan ta yi min daɗi."

Mai gadi ya duƙe yana dariya. Matarsa kuwa ta ja kwandon sayayya ta shige, tana gaya wa mutanen da ke layi ita ba ta san shi ba.