Lauyan da Na Nemo wa Baba

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba yayanmu ya sayar da gidanmu na Agege, muna cikinsa. Ba mu sani ba sai da mai sayen ya zo yana auna tsakar gida da taku, ya ce ya ba mu zuwa bayan Sallah mu tashi. Baba, wanda ya gina gidan da cinikin goro, ya bi shi da ido kawai.

Ni aka ɗora wa neman lauya, wai don ni ce malamar makaranta, mai bakin Turanci da Yarbanci. Lauyoyi kam ga su nan birjik a Legas, tambayar ce aiki. A unguwarmu in ka tambayi mai shayi inda lauya yake, kafin la'asar 'yan kasuwar Mile 12 sun ji. Kuma wa za mu ce muna ƙara? Ɗan gidanmu? Abin da za a ce mana na sani: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na yi ta kewaye-kewaye, daga bisani na ce wa wata abokiyar aikina maƙwabciyarmu ce ke da rikicin gida. Ta kwatanta min wani lauya a Ikeja, mai shari'ar filaye da gado. Nisan ne ya fi yi min daɗi.

Ranar tafiya Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya kuma ƙi mu hau motar danfo a bakin layinmu, sai da muka taka zuwa tasha ta gaba.

Lauyan Bayarabe ne, dattijo mai ladabi, har ya rusuna wa Baba. Ya saurare mu tsaf, ya ce ana iya rushe cinikin tunda gidan na Baba ne, amma dole a haɗa da ɗan a ƙarar. Ya ɗauki biro ya tambayi sunan wanda ya sayar. Na fassara.

"Wannan yaron," in ji Baba.

"Wane yaro?"

"Babban."

Yayanmu ɗan fari ne, Baba kuma mutumin da ne mai alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunansa ba, ko kiransa zai yi sai dai "kai". Na buɗe baki zan faɗa, lauyan ya ɗaga min hannu, ya ce gara mai ƙara ya saba, don a gaban alƙali ba mai faɗa a madadinsa.

Kunya ta rufe ni, kamar ni ce na tuɓe wa Baba hula a tsakiyar kasuwa. Ni na kawo shi nan.

"Baba, tashi mu tafi," na ce. "A bar musu gidan."

"Mu tafi ina? Uwarku ta kwana a ina?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya faɗi sunan, ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa wa jariri. Lauyan bai ji da kyau ba, ya ce Baba ya maimaita.