Firjin Kawu a Oko-Oba

Shekarar da soja suka koma bariki na dawo Agege da digiri a kimiyyar halittu, haɗe da darasin kasuwanci. Duk layinmu sun ɗauka likita na zama. Da na gaji da bayani, sai na ce bari in nuna musu a aikace.

Kawuna mahauci ne a mayankar Oko-Oba. Na zaunar da shi na yi ta masa lacca kan ƙuda da ƙwayoyin cuta, har ya sayi firji da janareta don mu riƙa sayar da nama mai tsabta. Kwana uku matan Legas suna zuwa, su danna naman da yatsa, su ji sanyi, su yatsina fuska su wuce teburin da ƙuda ya fi yawa. A wurinsu, naman da babu ɗumi kwantai ne, ko ma mushe.

Rana ta huɗu Kawu ya baza namansa a tebur, ya cika firjin da fiya wata. Kafin la'asar ruwan ya ƙare.

"Ashe boko na da amfani, ɗana," ya ce, yana dafa kafaɗata.

Abin haushin, da gaske yake yabona.