Ƙeyar Baba Direba

Mai Aski bai san mutane ta fuska ba, ta ƙeya ya san su. Ka gamu da shi a hanya ka gaishe shi, zai amsa maka da fara'a yana lalube a ransa ko kai wane ne. Amma juya masa baya ka yi taku biyu, sai ka ji ya ƙwala maka kira, har da tambayar ya jikin tsohuwa. Aikin ne ya mayar da shi haka. Tun yana saurayi yake tsaye a bayan mutane da almakashi a hannu, yanzu ga shi furfura ta fara cin gefen kansa.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Kujera biyu ce a ciki, ɗaya ta karye tuntuni ta koma wurin rataye tawul. Akwai babban madubi da ya tsage ta kusurwa, da wani ƙarami mai mariƙi wanda yake ɗagawa a bayan mutum idan an gama, don mai kai ya ga abin da aka yi masa. Shagon mahaifinsa ne. Shi aikin jarida ya so, har ya fara karatun, tsoho ya kwanta ciwo, ƙanne suka zuba masa ido, ya ajiye biro ya ɗauki aska. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma labarin da bai samu ya rubuta ba sai ya koma fita ta bakinsa. Matarsa kullum cewa take bakinsa ya fi almakashinsa sauri.

Babbar 'yarsa ce ta jawo maganar. Tana karatu a kwaleji, shi ya sa yake tsokanarta da Malama. Wata rana yana ba su labarin wani ango da ya yi barci a kujerar aski, suna ta dariya har ƙaramarsu ta ƙware, sai ta ce, "Baba, wallahi asara kake yi. Bari in buɗe maka bulog, shafinka na kanka a intanet, ka riƙa zuba waɗannan labaran duniya ta karanta."

Ya yi kamar ba ya so, alhali zuciyarsa har tsalle take.

Malama ba ta yi masa aikin gaggawa ba, a faɗi gaskiya. Ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi kamar mai ɗaukar ma'aikaci. Wa yake so ya karanta? Zai iya ɗorewa, ko sati biyu zai yi ya watsar? Zai jure idan wani marar kunya ya zage shi a ƙasan rubutu? Duk ya amsa. Daga ƙarshe ta dube shi ta ce, "To sirrin mutane fa, Baba? Abin da suke faɗa maka a kujera, kai suke faɗa wa."

"Haba Malama, ni yaro ne? Ba suna, ba fuska, ba unguwa. Hoton ƙeya kawai zan sa a saman kowane labari. Wa yake gane mutum ta ƙeya in ba ni ba?"

Ta yi dariya ta ce dabara ce mai kyau. A nan suka sa wa shafin suna Ta Ƙeya, kuma dukansu biyu suka tashi suna ganin babu abin da suka manta.

Shafi ya karɓu, abin har ya ba shi tsoro. In ya gama aski sai ya ce wa mutum, "In ɗauki aikina?" Mutum ya ce ɗauka mana, don a zatonsa gyaran gashin ake yi wa hoto. Mai Aski ya san ba su fahimci cewa da labarinsu za a haɗa ba. Ya sani sarai, yana dai kauda kai ne. Mutanen da bai taɓa gani ba suna rubuto masa cewa ya sa su dariya, wasu su ce ya sa su kuka, wata ma ta ce ya fi 'yan jaridar gaske. Wannan kalmar ta shige shi ƙwarai. Ya koma leƙa waya tsakanin kai da kai, har ranar da ya ɗan yanki kunnen wani tela yana ƙoƙarin karanta yabo da wutsiyar ido.

Cikin masu zuwa shagon babu wanda ya kai Baba Direba daɗewa, don tun zamanin mahaifin Mai Aski ake yi masa aski a nan. Dattijo ne mai tsafta, farar riga kullum a goge, ba ya son hayaniya. Wata mai kamfanin kayan gini yake tuƙawa, uwar ɗakinsa ce shekara da shekaru, da aikin ya aurar da 'ya'ya, da shi yake riƙe da jikoki marayu da ɗansa ya bari. Ƙeyarsa mai ninki biyu ce, da wani tabo a bayan kunnen dama mai lanƙwasa kamar ƙugiya, inda gashi ba ya fitowa.

Mai Aski ya jima yana lura da wani abu. Da can idan ya ɗaga ƙaramin madubi, Baba Direba sai ya juya kai hagu da dama, ya ce a ƙara rage nan, a daidaita can. Yanzu kuwa kafin madubin ya gama tashi ya ce, "Ya yi." Rannan sai Mai Aski ya gwada shi, ya ɗaga madubin a juye, bayan katakon yana kallon ƙeyar.

"Ya yi," in ji Baba Direba.

Shagon ba kowa sai su biyu. Mai Aski ya sauke hannu a hankali ya ce, "Baba, idon ne?"

Dattijo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yanar ido ce, ɗana. Na dama ya rufe, na hagun ma ya fara hazo. Likita ya ce za a yi aiki in an kwana biyu, layi ne da tsawo. Hanyoyin da nake bi na san su kamar tsakar gidana, a hankali nake tafiya, ba na yarda magariba ta same ni a titi. In uwar ɗakina ta ji, ranar zan ajiye makulli, kuma wa zai ɗauki tsoho aiki? So nake in lallaɓa har a yi aikin. Ko a gida ban faɗa ba. Kai ma don ka kama ni ne."

"Haba Baba, ai maganar ta mutu a nan."

Haka ya ce, da bakinsa. Amma hoton ƙeyar yana cikin wayarsa tun wani askin, kuma labarin ya hana shi sakat. Yana shara yana jera jimloli a kai, yana wanke reza yana gyara su. Kai, labari ne mai kyau! Bai taɓa samun irinsa ba. Ya ce wa kansa ai ba suna, ai direbobi sun fi a ƙirga, ai ma addu'a mutane za su yi wa bawan Allah. Bai nuna wa Malama ba kafin ya saka, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya masa cewa ya san abin da yake yi.

Labarin ya yi gudun da babu wanda ya taɓa yi a shafin. Aka yi ta turawa daga waya zuwa waya. Mai Aski ya wuni yana murmushi shi kaɗai.

Malama ce ta shigo shagon da yamma, ko sallama ba ta gama ba ta ajiye jaka a karyayyar kujera. "Baba, wannan direban, mutum yake tuƙawa ko kaya?"

"Mutum mana. Wata mai kamfani."

"A ina take zama a motar?"

Ya buɗe baki zai ce a baya, sai ya gane abin da take nufi. Ya ajiye almakashin da ke hannunsa. Shekara da shekaru matar nan tana zaune a kujerar baya, ta ɓangaren dama, daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa gida. Me take kallo duk tsawon hanyar? Fuskar direbanta ma ba lallai ta iya kwatanta ta ba, amma wannan tabon mai kama da ƙugiya ta fi matar Baba Direba saninsa.

"Goge shi! Malama, goge shi yanzu!"

Ta goge. Ta ce masa a hankali, ba tare da ta dube shi ba, gogewar ba ta da wani amfani, don ya riga ya shiga wayoyin mutane kuma babu mai bi ya karɓo.

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Duk motar da ta rage gudu a bakin shago sai gabansa ya faɗi. Lokacin askin Baba Direba ya zo ya wuce, bai zo ba. Mai Aski ya san layin gidansu, ya kama hanya har sau biyu yana juyowa daga bakin kwana, kunya ta hana shi ƙarasawa. Sai ya fara nema wa kansa mafita. Ya ce wa matarsa, in an duba da kyau, mutumin da ba ya gani bai kamata ya riƙe sitiyari ba, wa ya sani ko rai ya ceta.

Tana ninke kaya, ba ta ko ɗago ba. "Wannan gaskiya ne, Baban Malama. Da don haka ne, da shi za ka zaunar ka faɗa wa, ko ka raka shi wurin uwar ɗakinsa ku roƙe ta hutu. Kai dai ka ji daɗin tafin da ake yi maka."

Bai sake tayar da maganar ba, don ya san ba ta yi masa ƙarya ba.

Wata safiya yana kakkaɓe tawul sai ga mutum a bakin ƙofa, yana shafa bango da hannu kafin ya tako. Rigar fara ce har yanzu, amma ba guga. Gashi ya taru ya rufe ninkin ƙeyar. Mai Aski ya rasa inda zai sa kansa, gaisuwar ma a harɗe ta fito. Baba Direba ya amsa kamar kullum, ya lalubi kujera ya zauna.

"Sun karɓi makulli," ya ce. "Ba ta wulaƙanta ni ba, kar ka ce. Muna tsaye a ƙofar ofis ta miƙo mini wayarta daga baya, ta ce, Baba, karanta mini wannan. Na riƙe waya ina kallon haske. Ta jira, ta jira. Sai na ji tana share hanci, ta ce in ba yaron ofis makulli ya mayar da ni gida."

"Baba, ni ne. Ni na..."

"Na sani. Jikata ta ce hoton a shagonka ne, ta gane tsagar madubin." Ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar wayarsa. "An turo mata, ta sa mini a nan. Ta so ta karanta mini na hana, ban so in ji shi a bakin yarinya. Duk gari an san abin da ke ciki sai ni mai kan. Kai ka rubuta, kai za ka karanta mini."

Da a ce mari ya kwaɗa masa, da ya fi sauƙi. Mai Aski ya karɓi wayar, ya tsaya a inda ya saba tsayawa, a bayan kujera, ya fara. Ya karanta inda ya kwatanta farar rigar. Ya karanta inda ya juya madubi, wurin da masu karatu suka fi yaba masa wayo, yanzu kuwa kowace kalma tana fita kamar ana zare masa ita da ƙarfi. Ya zo inda ya rubuta cewa ko a gida dattijon bai faɗa ba, sai mai askinsa kaɗai ya yarda da shi. A nan ya tsaya. Baba Direba bai ce ya bari ba, ya dai jira, dole ya ci gaba ya kai ƙarshe.

Mai gyaran waya na maƙwabta ya kunna rediyo, ya kashe. Dattijo ya gyaɗa kai a hankali.

"Ka iya rubutu, ɗana. Babanka ya sha gaya mini ka iya, yana baƙin cikin ya tsare ka a shago." Ya miƙa hannu aka sa masa wayar. "Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Da ka tambaye ni ne kawai."

"Ka yafe mini, Baba. Duk abin da ka ce in yi, zan yi. Asibitin ma ni zan riƙa kai ka."

"Za ka kai ni, don ba ni da mai kai ni. Yafiya kuma ka bar ni tukuna, ba na son in faɗa maka abin da bai kai zuci ba." Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa don a ɗaura masa ƙyalle. "Aske mini, kaina ya yi nauyi."

Mai Aski ya ɗaura ƙyallen ya kunna injin aski. Bai taɓa yin aski shiru ba sai ranar. Ya bi ninkin ƙeyar a hankali, ya zagaye tabon yadda ya saba, ya kakkaɓe wuya, ya shafa hoda. Da ya gama, hannunsa da kansa ya kai ga ƙaramin madubi, har ya ɗaga shi rabi kafin ya tuna.

Baba Direba ya ji ƙarar mariƙin a kan teburi. Ya ce, "Ajiye shi. In ya yi maka, ya yi. Yanzu ai babu mai kallon ƙeyar nan sai kai."